Yaren Kwantena: Yadda Za Ka Bi Kayanka Daga Guangzhou Har Ƙofar Shago

Karo na farko da maigidana ya ɗora mini nauyin takardun kaya, ina yaronsa a Kantin Kwari, wani mai sayar mana da kaya daga ƙasar Sin ya turo farashi mai sauƙi ƙwarai, a ƙarshensa an rubuta haruffa uku da sunan Legas. Na kai wa Alhaji ina murna, na ce, "Ranka ya daɗe, har kuɗin jirgi yana ciki." Ya ce in dai na tabbata, a biya. Kaya suka iso, sai wakilinsu na Legas ya turo mana wata takardar kuɗi mai layi bakwai, wadda jimillarta ta haura abin da muka ɗauka mun rage. Babu wanda ya yi mana ƙarya. Farashin yana da inda ya tsaya, ni ne ban san wurin ba.

Tun daga ranar na gane cewa kusan kowace kalma a wannan harka iyaka ce aka shata. Tana nuna inda nauyin wani ya ƙare naka ya fara, ko ranar da kwanakin kyauta suka ƙare kuɗi ya fara hawa, ko wanda ke da ikon cewa kayan nasa ne. Don haka zan bi kalmomin kamar yadda kayan da kansu suke tafiya, daga sito har shago.

Mataki na farko: auna kayanka kafin ka tambayi farashi

Duk ajan ɗin da ka tuntuɓa, wato wakilin da ke shirya maka dakon kaya, tambayarsa ta farko ita ce CBM nawa. CBM shi ne girman wurin da kaya za su ci, wato mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya tsayi. Lissafinsa ba wuya. Katan mai tsawon santimita 60, faɗi 40, tsayi 50, sai ka ninka 0.6 da 0.4 da 0.5, ka sami 0.12. Katan 100 sun zama CBM 12. Kada ka karɓi wannan adadi da ka daga bakin kowa. Ka ce a turo maka awon katan ɗaya da yawansu, ka buga da kanka.

Da wannan adadi za ka zaɓi tsakanin FCL da LCL. FCL na nufin ka ɗauki kwantena sukutum, kai kaɗai, ko ta cika ko ba ta cika ba. LCL kuwa haɗaka ce, kamar motar haya: ajan ya tattara kayan mutane da yawa a sitonsa, ya cika kwantena ɗaya, kowa ya biya gwargwadon wurin da ya ci. A haɗaka akwai ƙa'idar da ake rubutawa W/M, ma'ana za a duba nauyi a duba girma, wanda ya fi yawa da shi za a caje ka, ana ɗaukar CBM ɗaya daidai da kilo 1,000. Mai tayil ko ƙusa nauyi ne zai kama shi, mai bokitin roba kuwa girma.

Kwantenonin da za ka fi cin karo da su uku ne. Mai ƙafa 20 cikinta kusan CBM 33 ne a takarda, amma a aikace da wuya ka wuce 28, saboda katan ba ruwa ba ne da zai cike kowane lungu. Mai ƙafa 40 tana da kusan 67. Sai mai ƙafa 40 doguwa, wadda ake rubutawa 40HC ko 40HQ, da ta ɗara sauran tsayi da ƙafa ɗaya, ta kai kusan 76. Abin da sababbi ba su sani ba shi ne babbar kwantena ba ta ɗaukar ninkin nauyin ƙaramar, nauyin da aka yarje musu kusan ɗaya ne. Shi ya sa kaya masu nauyi suke tafiya a ƙafa 20, masu cin wuri kamar takalma da yadi da kayan roba a ƙafa 40. Idan ka ga TEU, ma'aunin kwantena mai ƙafa 20 ne, mai ƙafa 40 TEU biyu ce, da shi ake faɗin girman jirgi. Akwai kuma rifa mai sanyi don kifi da magani, da mai buɗaɗɗen sama don injin da ba zai shiga ta ƙofa ba. Motoci sukan zo ta jirgin RoRo, wanda ake tuƙa su a shiga a tuƙa su a fito.

Shawarata, idan kayanka sun kusa rabin ƙaramar kwantena, ka nemi farashin duka biyun. Sau da yawa kuɗaɗen da ake ɗorawa haɗaka a wurin sauka sukan cinye bambancin.

Mataki na biyu: haruffa ukun da ke bayan farashi

Nan ne na faɗi, nan kuma zan daɗe. Waɗannan haruffa sunansu Incoterms, Ƙungiyar 'Yan Kasuwa ta Duniya mai mazauni a Faris ce ta fara fitar da su a 1936, kuma bugun 2020 yana da guda 11. Ba sai ka haddace duka ba.

EXW: mai kaya ya ajiye maka su a ƙofar masana'antarsa, ya kakkaɓe hannu. Mota zuwa tasha, takardun fitarwa, komai a kanka. Farashinsa ya fi kowanne arha a ido saboda babu komai a cikinsa sai kayan.

FOB: mai kaya zai kai su tashar da aka ambata, ya kammala da kwastan ɗin ƙasarsa, har su hau jirgi. Daga nan kuɗin jirgi da duk abin da ya faru naka ne. Kullum sai an haɗa shi da sunan tasha, FOB Ningbo daban, FOB Shenzhen daban. Masu tsara ƙa'idojin sun fi son a yi amfani da FCA ga kayan kwantena, inda nauyin mai kaya yake ƙarewa da zarar ya miƙa su ga mai dako, domin ana miƙa kwantena ne a filin tasha kwanaki kafin ta hau jirgi, amma a kasuwa FOB ne a bakin kowa.

CFR da CIF su ne masu ruɗi. A CFR mai kaya ya biya kuɗin jirgi har tashar sauka. A CIF ya ƙara da inshora. Sai mutum ya ɗauka tunda shi ya biya jirgi har Legas, to amanar kayan tana wuyansa har Legas. Ba haka ba ne. A duka biyun, hatsarin kaya yana dawowa kanka tun lokacin da suka hau jirgi a can, daidai da FOB. Idan ruwa ya shiga kwantena a tsakiyar teku, mai kaya ya riga ya cika alkawarinsa, kai za ka bi inshora. Inshorar da CIF ya wajabta masa kuwa ita ce mafi ƙanƙanta, wadda ake kira sharaɗin C, ba ta rufe abubuwa da yawa. Sannan kuɗin jirgi ba ya nufin kuɗin tasha. Abin da ya same mu ke nan: an rage mana a can, wakilin da ba mu muka zaɓa ba ya fanshe a nan, kuma ba mu da bakin ciniki domin kayan suna hannunsa.

Ga mai shigo da kaya Najeriya akwai ƙarin dalilin barin CIF, domin ana buƙatar takardar inshora daga kamfanin cikin gida kafin a buɗe Fom M, takardar sanar da shigo da kaya da zan yi bayaninta a gaba. Ni dai na fi natsuwa da FOB, in zaɓi ajan ɗina, in sa ya rubuta mini kuɗin can da na nan a takarda ɗaya.

DDP shi ne ɗaya ƙarshen, mai kaya ya kawo har ƙofa, ya biya har kuɗin fito. Masu kargo da suke cewa "kawo kayanka sitonmu na Guangzhou, ka karɓa a Kano" kusan irin wannan suke yi. Yana da sauƙi ga mai ƙaramin jari, sai dai ka sani takardun ba da sunanka suke ba. Idan aka riƙe kwantenar saboda kayan wani da ke ciki, naka ma sun tsaya.

Mataki na uku: takardun gida, tun kaya ba su tashi ba

Mai kaya zai fara ba ka takardar farashi ta share fage, wadda ake kira furofoma. Da ita da lambar harajinka ta TIN da takardar inshora za ka je bankinka a buɗe Fom M, wato sanarwar da kake yi wa Babban Banki da kwastan cewa ga abin da za ka shigo da shi. Ana buɗe shi kafin a yi lodi, kuma lambarsa tana hawa kan takardun jirgi. Kayan da hukumar SON ke kula da ingancinsu suna buƙatar shaidar SONCAP, abinci da magani da kayan shafa kuma izinin NAFDAC.

A nan za ka haɗu da lambar HS. Kowane irin kaya a duniya yana da lambarsa, shida na farko iri ɗaya ne a ko'ina, ƙasashen ECOWAS suna cikawa zuwa goma. Lambar ce take yanke kashi nawa za ka biya, a matakai biyar: 0, 5, 10, 20 ko 35 cikin ɗari, ban da ƙarin haraji da ake ɗorawa wasu kaya. Duk wanda ya ce maka zai sa wata lamba mai sauƙi don ka biya kaɗan, ka tuna ranar duba kaya sunanka ne a takarda, ba nasa ba. Bayan kaya sun tashi, banki zai tura takardun ƙarshe, kwastan su fitar da PAAR, rahoton da ke nuna ƙimar da suka yarda da ita da lambar da za a yi lissafi a kai. Ana lissafa kuɗin fito ne a kan kuɗin kaya da na jirgi da na inshora a haɗe, sannan harajin VAT na kashi 7.5 ya biyo baya.

Mataki na huɗu: ranar lodi

Ajan zai kama maka wuri a jirgin ɗaya daga cikin kamfanoni irin su Maersk, MSC, CMA CGM, COSCO ko PIL, abin da ake cewa bukin. Za a ba ka ranar rufe ƙofa, wadda idan kwantena ba ta shiga tasha kafinta ba sai jirgi na gaba. Tun 1 ga Yulin 2016 kuma ba a ɗora kwantena sai da VGM, wato tabbataccen nauyinta da kayan ciki.

Ka roƙi hotuna huɗu: kwantena babu komai, ta yi rabi, ta cika da ƙofa ɗaya a rufe, sai hoton sil. A ƙofar dama daga sama za ka ga lambar kwantena, haruffa huɗu da na ƙarshensu yawanci U ne, lambobi shida, sai ɗaya ita kaɗai cikin ɗan akwati. Ƙasa da ita an rubuta nauyin kwantenar ita kaɗai da iyakar abin da za ta ɗauka. Sil kuwa ɗan ƙarfe ne kamar ƙatuwar ƙusa mai kan roba, ana zura shi a marikin ƙofa, ba ya buɗuwa sai an datse shi, kuma yana da tasa lambar. Waɗannan lambobi biyu ka rubuta su inda ba za su ɓata ba. Da ta farko za ka riƙa bin kayanka a shafin kamfanin jirgi a intanet, da ta biyu za ka san ko an buɗe su a hanya.

Mataki na biyar: BL, takardar da ta fi kowace

'Yan tasha suna ce mata BL. Aiki uku take yi: rasit ce cewa jirgi ya karɓi kaya, shaida ce ta yarjejeniyar dako, kuma ita ce takardar mallaka. Wanda yake riƙe da ta asali, da sunansa a kai ko an sa hannu an miƙa masa, shi ake ba kaya. Yawanci asali uku ake fitarwa, da zarar an gabatar da ɗaya sauran sun mutu.

Sunaye uku ne a kanta. Shifa, mai turowa. Konsaini, wanda za a miƙa wa. Sai wanda za a sanar idan jirgi ya iso, sau da yawa ajan ɗinka na kiliyarin, wato mai fitar maka da kaya daga hannun kwastan. Kafin a buga ta asali za a turo maka daftari, kuma ina roƙonka ka zauna ka karanta shi harafi bayan harafi. Sunan kamfaninka ya zama daidai da na Fom M, yawan katan ya yi daidai da takardar jerin kaya, lambar kwantena da ta sil su yi daidai da hotunanka. Gyara kafin jirgi ya tashi abu ne na minti biyar. Bayan sunan ya shiga manifes, wato jerin kayan da jirgi ke miƙa wa kwastan, gyaran harafi ɗaya yana iya cin makonni da kuɗi.

BL iri biyu ce. Ta kamfanin jirgi ita ce uwa, MBL. Wadda ajan yake ba ka da sunan kamfaninsa ita ce 'ya, HBL. Idan 'ya ce a hannunka, kamfanin jirgi bai san ka ba, da ajan kawai yake hulɗa. In ajan bai biya su ba, kayanka za su zauna ko da ka biya shi tsaf. Wannan kaɗai ya isa ka binciki mutum kafin ka ba shi kaya.

Idan ka ji an ce teleks, ana nufin mai kaya ya mayar da takardun asali ga ofishin jirgi a can, su kuma suka sanar da ofishinsu na nan a sake maka ba tare da takarda ba. Mai kaya ba ya yin haka sai ka cika masa kuɗinsa. Za ka kuma ga an rubuta STC kafin bayanin kaya, ma'ana kamfanin jirgi yana cewa abin da aka faɗa masa ke nan, shi bai buɗe ya ƙirga ba.

Mataki na shida: kaya suna kan ruwa

ETD ranar da ake sa ran tashi, ETA ranar da ake sa ran isowa. Harafin farko na nufin kintace, don haka kada ka yi wa abokin ciniki alkawari a kansa. Daga Sin zuwa Legas wata ɗaya da wasu makonni ne idan komai ya tafi daidai. Akan sauke kwantena a wata tasha kamar Singafo ko Lome a sauya mata jirgi, akan bar ta a baya idan jirgi ya cika, wani lokaci kamfani ya soke tafiyar mako gaba ɗaya. Mai son kayan sallah ya lissafa da duk wannan, ya kuma tuna hutun sabuwar shekarar Sinawa, tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, lokacin da masana'antu ke rufewa.

A takardar kuɗin jirgi za ka ga ƙarin layuka: BAF na tsadar mai, THC na ɗagawa da saukewa a tasha, PSS na lokacin cunkoson lodi, GRI ƙarin farashi na gaba ɗaya. Tambayar da za ka yi ita ce ko farashin da aka ba ka ya haɗa da su duka, kuma har zuwa wace rana yake aiki.

Akwai wata tsohuwar dokar teku da nake so kowa ya sani, ana rubuta ta GA, ni ina kiranta asarar tarayya. Idan jirgi ya shiga hatsari aka kashe kuɗi ko aka sadaukar da wasu kaya don a tsirar da sauran, duk mai kaya a jirgin zai ɗauki rabonsa na asarar, ko nasa ko ƙwarzane ba su yi ba. Da jirgin Ever Given ya toshe mashigin Suwez na kwana shida a watan Maris na 2021, masu jirgin sun ayyana wannan doka, sai da masu kaya suka ba da jingina kafin a sake musu. Mai inshora, kamfaninsa ne ke tsaya masa. Marar inshora daga aljihunsa.

Mataki na bakwai: tasha, inda kwanaki suke zama kuɗi

Ko Apapa ne, ko Tin Can, ko Onne, ko sabuwar tashar Lekki da ta fara aiki a 2023, daga ranar da aka sauke kwantena lissafi ya fara. Ana ba ka 'yan kwanakin kyauta, bayansu kuɗi uku ne suke bin ka, kodayake a bakin mutane duk dimorej ake ce musu. Dimorej na ainihi kamfanin jirgi kake biya saboda kwantenarsu ta daɗe a cikin tasha. Kuɗin ajiya na masu filin tashar ne, hayar ƙasar da ta zauna a kai. Ditenshan kuma na kwanakin da ka riƙe ta a waje ne bayan ka fitar, har ka mayar da ita babu kaya. Duka ukun kullum ake lissafa su, kuma farashin yana hawa mataki-mataki, mako na uku ya fi na farko zafi. Kayan da aka bari suka wuce wa'adi suna iya ƙarewa a gwanjon kwastan.

Saboda haka a gama PAAR tun jirgi yana hanya. Ajan mai lasisi zai shigar da bayanin kaya, a biya kuɗin fito a banki, a duba kaya ta na'ura ko a buɗe a gani, kwastan su saki. Kamfanin jirgi zai ba da DO, izinin miƙa kaya, bayan an biya su an kuma ajiye kuɗin jinginar kwantena. Masu tasha su ba da TDO, izinin fitar da kwantena daga filinsu, sannan tirela ta shiga. Kuɗin jinginar nan naka ne, ana mayarwa bayan an cire abin da ake bin ka, amma sai da takardar shaidar cewa an mayar da kwantenar lafiya. Ka karɓe ta daga hannun direba, mutane da yawa sun bar kuɗinsu a nan.

Mu 'yan Arewa ditenshan ya fi cizonmu, domin tsakanin Legas da Kano kusan kilomita dubu ne zuwa kawai, ga kuma dawowa. Ko dai a juye kayan cikin mota a Legas a mayar da kwantena nan take, ko ka nemi ƙarin kwanakin kyauta tun ranar bukin a rubuta maka, don bayan jirgi ya iso ba a wannan ciniki. Akwai kuma tashoshin tsandauri, ta Kaduna da aka buɗe a 2018 da ta Dala da ke Zawaciki a Kano da aka buɗe a 2023. Mai son a yi masa kiliyarin a can sai ya tambayi kamfanin jirgi tun farko ko za su rubuta ta a matsayin wurin miƙa kaya a kan BL.

'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Yamai, da ba su da teku, kayansu sukan sauka a Kwatano ko Lome ko Tema, na Cadi kuma a Duwala. Kalmar da ta fi muhimmanci gare su ita ce taransit, wato a rubuta a kan BL tun daga can cewa kayan wucewa za su yi zuwa Nijar ko Cadi. Idan ba a rubuta ba, kwastan ɗin ƙasar da jirgi ya tsaya za su ɗauke su a matsayin kayan cikin gida.

Ranar da tirela ta tsaya a ƙofar sito, kafin kowa ya kawo almakashin ƙarfe, ka fito da wayarka ka gwada lambar sil da wadda ke takarda. Idan kwastan sun buɗe, ajan ya riga ya ba ka lambar sabon da aka sa. Ka zagaya kwantenar ka duba huji ko lotsawa, ka ɗauki hoto. A buɗe ƙofar dama a hankali, kowa ya tsaya gefe, domin kaya sukan jingina da ƙofa a hanya su zubo. In ka ga jiƙa ko ɓarna, a dakatar da saukewa, a kira kamfanin inshora su turo mai dubawa, a rubuta wa kamfanin jirgi a ranar, sannan a ci gaba da ƙirga katan ana gwadawa da takardar jerin kaya.